Daga Ƙasan Lambu Zuwa Zauren Marmara: Ziyarata a Fadar Belvedere

A daren da zan wayi gari in tafi Belvedere, kawuna, wanda a gidansa na sauka kuma ya daɗe yana aiki a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, ya laluba aljihunsa ya ciro tsabar kuɗi ta senti 20, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce in juya bayanta in duba da kyau. Hoton wata ƙofar ƙarfe ce mai ado, da dogon gini a bayanta. Ya ce mini: “Ɗana, ta wannan ƙofar za ka fito gobe, amma kada ka shiga ta nan. Ka fara daga ƙasa, ka hau da ƙafarka, domin wanda ya fara daga sama gini kawai zai gani, ba zai ga dabarar wanda ya tsara wurin ba.” Na ce: “To, Kawu, na ji,” na sa tsabar a aljihun rigata, muka zauna sayen tikiti.

A intanet muka sayi tikitin, kuma a nan ne na fahimci cewa Belvedere ba gini ɗaya ba ne. Fadoji biyu ne, ɗaya a gindin tudu, ɗaya a bisansa, da lambu mai tsawo a tsakaninsu. Lambun kyauta ake shiga, amma kowace fada da tikitinta, ko kuma mutum ya sayi na haɗaka da zai shigar da shi duka biyun, wanda shi na zaɓa. Fadar sama ita ce mai cunkoso, saboda haka sai mutum ya zaɓi lokacin shigarsa tun wajen saye. Na so in ɗauki na sassafe, Kawu ya ce in ɗauki na ƙarfe 12 na rana, domin in samu sararin kammala fadar ƙasa da lambun ba tare da ina duba agogo ba. Tikitin ya shigo wayata, na ajiye hotonsa don kada rashin intanet ya tsayar da ni a bakin ƙofa, kuma na bar babbar jakata ta goyo a gida saboda an gaya mini ba a shiga da irinta cikin ɗakunan.

Da hantsi na hau taragon lantarki mai lamba 71, na sauka a titin Rennweg, daidai ƙofar fadar ƙasa. Daga titi ba ta nuna kanta sosai, gini ne mai faɗi amma gajere, wanda mai wucewa zai iya ɗauka wata tsohuwar ma'aikata ce. Wanda ya gina ta shi ne Yarima Eugene na Savoy, kuma ba za a fahimci komai a wurin ba sai an san ko shi wane ne. An haife shi a Faris a 1663, a cikin dangin sarauta, ya tashi ƙanƙane marar ƙirar mayaƙa, har aka yi masa tanadin aikin coci. Da ya nemi Sarkin Faransa Luwis na 14 ya ba shi muƙami a soja, sarkin ya ƙi, shi kuwa ya bar ƙasar ya miƙa kansa ga sarkin Ostiriya Leopold na 1 a 1683, shekarar da rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa Viyana ƙawanya. Ya kamata in faɗa cewa ta Turkawa nake nufi, mai hedikwata a Istanbul, ba tamu ta Sakkwato ba, tun da sunan ɗaya ne a bakinmu. Ya yi wa sarakuna uku aiki, ya ci Turkawa a Zenta a 1697, ya sake cin su a Petrovaradin a 1716, ya karɓe Belgrade a 1717, kuma a tsakanin haka ya yaƙi Faransar da ta ƙi shi, a Blenheim a 1704 da Turin a 1706. A shekarar nasarar Zenta ya sayi wannan fili, wanda a lokacin yake bayan ganuwar gari, ya ɗauki maginin nan Johann Lukas von Hildebrandt, aka gina fadar ƙasa daga 1712 zuwa 1716, ta sama kuma daga 1717 zuwa 1723.

Aka duba tikitina a waya, na shiga. Yawancin ɗakunan fadar ƙasa yanzu ana baje kolin zane-zane ne da ake sauyawa lokaci zuwa lokaci, kuma ban daɗe a cikinsu ba, domin ɗakunan da suka rage yadda mai gidan ya san su nake nema. Na farkonsu shi ne zauren marmara na wannan fada, kuma a nan na fara gane abin da ake kira salon Barok, wanda ya taso daga Roma wajen shekarar 1600 ya bazu a Turai. Salo ne da ba ya barin ido ya huta a kan bango sumul. Ginshiƙi yana fitowa daga bango, ado yana fitowa daga ginshiƙi, layin da ka zaci zai miƙe sai ya lanƙwashe, rufin da ka san rufe yake sai mai zane ya buɗe shi da fenti ya mayar da shi sararin samaniya. A rufin wannan zaure, Martino Altomonte ya zana Yarima Eugene a siffar jarumin tatsuniyoyin Girkawa yana karɓar kyautar girmamawa, wato ishara ga takobi da hula da Fafaroma ya aiko masa bayan nasarar Petrovaradin.

Da na sauke idona daga rufin zuwa bango, sai na ga abin da ya tsayar da ni fiye da zanen. An sassaƙa tarin makamai da garkuwoyi irin na ganimar yaƙi, da siffofin fursunoni a ɗaure. Na san su wane ne ake nufi da waɗannan mutane, domin waɗanda Yarima ya fi shahara da yaƙa Musulmi ne, kuma da yawa daga cikinsu a kogin Tisza suka halaka ranar Zenta. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi nauyi. Na tsaya ina kallon gwanintar hannun da ya fitar da jijiyar kafaɗa da lanƙwasar wuya daga farar filasta, ina yaba aikin, kuma a lokaci guda ina sane da cewa a gidan wanda ya yi nasara nake tsaye, labarin kuma daga bakinsa ake ba ni shi. Maziyartan da ke kusa da ni suka ɗaga wayoyinsu sama suka ɗauki rufin suka wuce, ni kuwa na fi minti goma a gaban bangon.

Daga nan na bi ta wani ɗaki da aka cika bangonsa da rufinsa da zanen rassa da tsuntsaye da halittu masu ban al'ajabi, na ratsa wani dogon zaure mai jerin mutum-mutumi na marmara, na ƙare a ɗakin zinariya. Ɗaki ne ƙarami, bangonsa duk ruwan zinariya ne da madubai masu fuskantar juna, ta yadda duk inda ka juya sai ka ga ɗakin ya ninka kansa ya yi nisa har ido ya kasa bin ƙarshensa. Wani abu da na lura da shi tun daga nan shi ne yadda aka jera ƙofofin ɗakuna a layi ɗaya, ɗaki yana buɗewa cikin ɗaki. Wanda ya san gidan sarauta a ƙasar Hausa ba zai rasa gane wannan ba, domin a can ma soro ne bayan soro, kuma matsayin baƙo shi ne yake nuna inda za a tsayar da shi da inda mai gida zai tarye shi.

Na fito lambu wajen ƙarfe 11, kuma a nan maganar Kawu ta tabbata. Kana fitowa daga fadar ƙasa, fadar sama tana can bisa tudu tana fuskantarka, fara, mai faɗi, rufinta na jan ƙarfe ya rikiɗe ya zama kore saboda shekaru. Ana cewa an yi wa rufin siffar tantunan manyan hafsoshin Turkawa, kuma idan ka duba yadda ya rabu kashi-kashi, kowane da tsininsa, za ka ga abin da ya sa ake faɗin haka. Wanda ya tsara lambun Bafaranshe ne, Dominique Girard, gwanin sarrafa ruwa da ya koyi aiki a lambunan Versailles, fadar sarkin Faransa, kuma ya yi shi hawa-hawa. Kashin ƙasa yana da shingen bishiyoyi da aka aske su suka zama kamar bango, da lunguna masu inuwa inda mutum zai ɓace wa idon jama'a. Da ka hau matakala zuwa kashi na gaba, sai shingen ya ƙare, fili ya buɗe, ciyawa da furanni da tsakuwa suka zama zayyana a ƙasa kamar aikin wuyan babbar riga. A tsakiya ruwa yana gangarowa daga mataki zuwa mataki yana zuba a tafki, kuma da yake watan Mayu ne, an saki ruwan, ƙararsa tana rufe hayaniyar motocin gari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda fadar take wasa da mai hawa. Daga ƙasa ka gan ta cikakkiya. Da ka iso gindin magangarar ruwan, sai tudun ya ɓoye ƙasanta, rufin kaɗai ya rage. Ka ƙara hawa, sai ta sake fitowa gaba ɗaya, ta fi yadda ka bar ta girma. Ba a yi haka bisa kuskure ba, an auna kowane mataki ne da idon mai tafiya a ƙasa. A gefen hanya akwai mutum-mutumin wata halitta mai jikin zaki da fikafikai da kan mace, an jera su bibbiyu suna gadin matakalai, kowace da irin fuskarta da irin gyaran gashinta. Na zauna a kan benci kusa da ɗaya daga cikinsu na sha ruwa, domin tsakuwar hanyar tana cin ƙafa kuma a kashin sama babu inuwa ko kaɗan, sannan na ƙarasa da sauran minti goma kafin lokacina.

A bakin fadar sama aka sake duba tikiti da lokacin da ke jikinsa, aka nuna wa masu manyan jakunkuna wurin ajiya, ni kuwa na wuce kai tsaye, na karɓi na'urar bayani da ake karawa a kunne. Zauren farko da ke daidai da lambu fari ne fat, kuma ƙarti huɗu na dutse ne suke ɗauke da rufinsa a kafaɗunsu, jikinsu a murɗe, wuyansu a sunkuye kamar masu dakon buhun da ya fi ƙarfinsu. Na ɗauka ado ne kawai, sai bayani ya nuna mini cewa da farko an gina zauren ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, daga baya rufin ya fara nuna alamar zai rufta, shi ne a 1732 zuwa 1733 Hildebrandt ya dawo ya sa waɗannan ginshiƙai, ya ba su siffar mutane. Na ƙara ganin girman maginin da na ji haka, domin gyaran ɓaraka ya yi, amma ya yi shi ta yadda duk mai shigowa yau zai rantse da su aka fara ginin.

Matakalar da ke kaiwa bene ita ma fara ce, mai faɗi, an yi wa bangonta ado da labarin Iskandar sarkin Makidoniya da nasararsa a kan Dariyus sarkin Farisa, kuma ba sai an gaya maka da wa ake kwatanta mai gidan ba. Matakan gajeru ne, ba su barin mutum ya yi sauri, sai dai ya hau a natse kamar mai rakiyar sarki. A samanta kuwa ƙofa take buɗewa cikin babban zauren marmara, wanda shi ne zuciyar fadar. Bayan duk farin da ido ya saba da shi tun daga ƙasa, sai ka faɗa cikin ja mai duhu da ruwan zinariya. Tsayin zauren hawa biyu ne, manyan fitilun ƙarau suna rataye, rufin kuma Carlo Carlone ya zana shi da ɗaukakar Yarima a cikin gajimare. A gefen rufin an zana ginshiƙai da baranda da fenti kawai, amma sai da na matsa daga tsakiyar zauren zuwa kusurwa, na ga sun karkace, kafin na yarda cewa ba ginannu ba ne.

Na je bakin taga na duba inda na fito. Lambun gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, zayyanar da na bi ta cikinta ban ga kanta ba yanzu ta fito sarai, fadar ƙasa ta koma ƙarama a ƙarshensa, bayanta rufin gidajen tsohon gari da hasumiyar babban cocin Stephansdom, inda aka binne Yarima Eugene, can nesa kuma tudun Kahlenberg, inda rundunar da ta karya ƙawanyar 1683 ta gangaro. Sunan Belvedere daga Italiyanci yake, ma'anarsa kyakkyawan hange, kuma a wannan taga ce sunan ya cika. Mutumin da ya shigo garin nan yana ɗan shekara 19 ba shi da komai sai takobinsa, ya gina wa kansa wurin da zai tsaya ya hangi filin yaƙinsa na farko, fadar sarkin da yake yi wa aiki kuma tana ƙasa da shi.

A wannan zaure ne kuma aka sa hannu a yarjejeniyar da ta maido wa Ostiriya 'yancinta, ranar 15 ga Mayu, 1955, bayan shekara goma ƙasar tana hannun sojojin Tarayyar Sobiyet da Amurka da Birtaniya da Faransa. Ministocin harkokin wajen ƙasashen huɗu suka sa hannu tare da takwaransu na Ostiriya, Leopold Figl, sannan aka fita baranda aka ɗaga takardar ga jama'ar da ta cika lambun. Kawu ya gaya mini tun da dare cewa saboda wannan rana ce aka sa hoton fadar a jikin tsabar da ya ba ni. Na lura da wani dattijo ɗan ƙasar da ya kawo jikokinsa biyu, bai nuna musu rufin ba, barandar ya kai su ya tsaya yana yi musu bayani a hankali.

Yarima Eugene bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Da ya rasu a 1736, 'yar ɗan'uwansa Victoria ce ta gaje shi, ta shiga sayar da kayan. Littattafansa kimanin 15,000 Sarki Karl na 6 ya saye su, suna nan har yau a babban ɗakin karatu na ƙasa. Fadojin kuwa Sarauniya Maria Theresa ta saye su a 1752, aka kawo tarin zane-zanen gidan sarauta nan, aka buɗe wa jama'a a 1781, wanda ya sa wurin ya shiga sahun gidajen tarihi na farko a duniya da talaka zai iya shiga ya kalla. Daga baya yarima mai jiran gado Franz Ferdinand ya zauna a nan, har zuwa lokacin da aka kashe shi a Sarajevo a 1914. Wannan ne dalilin da ya sa ba za ka tarar da gadon mai gidan ko kujerunsa a ɗakunan ba. Na tuna Gidan Makama na Kano, wanda shi ma gidan mai sarauta ne da ya koma gidan tarihi, inda ginin kansa ya fi duk abin da aka ajiye a ciki ba da labari.

Zane-zanen da ke rataye a fadar sama a yau su ne suke jawo yawancin mutane, musamman na Gustav Klimt da ake kira Sumba, wanda gwamnati ta saya a 1908. Na same shi ta hanyar bin jama'a kawai. Faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, santimita 180, mace da namiji ne durƙushe a bakin fili mai furanni, an lulluɓe su da mayafi na ganyen zinariya na gaske, na namijin mai zanen murabba'i baƙi da fari, na macen mai da'irori masu launi. Na jira har layin gaba ya ragu, na samu kamar minti biyu a gabansa, na ga yadda zinariyar take sauya haske idan ka ɗan gusa. Aiki ne mai kyau, ban musa ba, amma ya dame ni in ga mutane suna ratsa zauren marmara da sauri ba su ko ɗaga kai ba, su ɗauki hoto a gaban wannan zane, su juya su fita. A ganina wanda ya yi haka bai ziyarci Belvedere ba. Na fi daɗewa a gaban kawunan da Franz Xaver Messerschmidt ya sassaƙa, jerin fuskoki ne na mutum guda, wannan ya runtse ido, wannan ya cije leɓe, an yi su tun ƙarni na 18 amma kamar yanzu mutumin zai saki fuskar ya yi magana. Akwai kuma babban zanen Napoleon a kan doki yana ƙetare duwatsun Alps, na Jacques-Louis David, da ƙaramin ɗakin ibadar Yarima wanda ake leƙawa daga sama. Mai zuwa da iyali ya san cewa akwai siffofin tsiraici a cikin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen, a ciki da kuma lambu, kamar yadda yake a yawancin irin waɗannan gidaje na Turai.

Wajen ƙarfe 2 da rabi ƙafafuna suka gaji, kuma ina so in koma gida in sami azahar a kan lokacinta. Na mayar da na'urar bayani, na zagaya bayan fadar ta kudu, wato ɓangaren da manyan baƙin Yarima suke shigowa a kekunan doki. A nan akwai wani babban tafki da aka haƙa domin fadar ta ga kanta a ruwa, kuma da yake iska ba ta motsi a ranar, ginin ya fito biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife. Na bi gefen tafkin har ƙofar ƙarfen, wadda zakoki biyu na dutse suke bisa ginshiƙanta riƙe da tambarin gidan Savoy. Na fita waje, na juyo, na ciro tsabar Kawu na ɗaga ta daidai idona, na yi ta ja da baya har ƙofar da ke gabana da wadda ke hannuna suka daidaita, da rufin fadar a tsakiyarsu. Daga nan na gangara tashar taragon D, na kira Kawu a waya na gaya masa na fito, ya tambaye ni ko ta ƙasa na fara, na ce masa ta ƙasa na fara.